Zan sayi gida a Garwa, yaya zan gane lafiyar magudanan ruwansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An nuna mini wani gida a Garwa mai banɗaki biyu na zamani da kicin, ya yi watanni ba kowa a ciki. Da na shiga banɗakin sai wari ya buge ni, dillali ya ce ba komai ba ne. Akwai rijiya a tsakar gida. Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa a saya a sa'a.

Mai yiwuwa dillalin yana da gaskiya a kan warin. Ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da magudanar wanka akwai lanƙwasar bututu da muke kira sifon, wadda ke riƙe ruwa kamar santimita 5 don ya toshe wa iskar masai hanya. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, ruwan nan ƙafewa yake idan gida ya zauna ba mutane. Ka zuba ruwa a kowace magudana, ka rufe ƙofa, ka dawo washegari. Idan warin ya tafi, shi ke nan. Idan yana nan, to ko dai ba a sa sifon ba, ko wani mahaɗi ya tsage, ko gindin masai bai zauna daidai ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, ba a duba magudana da ido kawai, da ruwa ake duba ta. Ka je da mutum ɗaya da jarkoki masu yawa ko da famfon gidan yana kawo ruwa. A tsakar gida ko bayan banɗaki za ka ga ƙananan ramukan siminti masu murfi, inda bututu ke haɗuwa. A ɗaga murfin duka. Ka kaɗa ɗan shuɗin wanki a bokiti, abokin tafiyarka ya juye shi a masai gaba ɗaya, kai kuma ka tsuguna bakin ramin kana kallo. Idan aikin na kirki ne, ruwan zai fito da ƙarfi ya wuce, ya bar ƙasan ramin fes. Idan ya zo yana tsiyaya, ko ya taru yana juyi, ko ka tarar da baƙin ruwa kwance tun kafin a zuba komai, to bututun ya toshe ko ba shi da gangara. Ana son gangarar kamar santimita 2 a kowace mita. Wanda ya fi ban tsoro shi ne a zuba bokiti guda, rabi ya fito. Ragowar yana shiga ƙarƙashin ginin ne.

Wannan yakan faru a unguwannin da ke kan baƙar laka, irin ta karal da ake shuka masakwa a kanta. Da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage, sai ta ja bututu ta raba mahaɗinsa. Saiwar dalbejiya kuwa da ta ji danshi sai ta bi tsagar ta shige. Ka dubi gindin bango ta bayan banɗaki: fenti mai ɓarewa, farin gishiri a jikin siminti, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, duk abin tambaya ne.

Bututun masai ya zama na roba, wato PVC, mai faɗin milimita 100, na wanka da kicin akalla 40, na wanke hannu 32. Wanda aka bari a rana ya yi fari-fari, ya riga ya bushe, ba zai jima ba. Idan an kora masai ka ji magudanar wanka tana ƙugi, babu bututun shan iska, wanda ya kamata ya miƙe har saman rufi.

Daga nan ka bi ruwan har inda ya ƙare. Gidajenmu ba su da babbar magudanar gari da ke kwashe bayan gida, kowane gida irin wannan da fos ɗinsa, wato ginannen ramin siminti da bayan gida ke taruwa a ciki, da ramin da ke tsotse ruwan da ya fito daga ciki. A buɗe murfin fos, a ja baya iska ta fita, a zura doguwar sanda. Idan kaurin ƙazantar da ta kwanta a ƙasa ya kai rabin zurfin fos ɗin, lokacin kwashewa ya yi, sai ka duba ko motar kwasa za ta iya shigowa layin. Don Allah kada kowa ya leƙa da kansa ciki ko ya kunna ashana. Iskar tana sumar da mutum, tana kuma kamawa da wuta. Ka tabbatar ruwan indararo ba ya faɗawa fos, domin ruwan sama ɗaya na Agusta ya isa ya cika shi.

Rijiyar nan ita ta fi damuna. Ana son tsakaninta da fos ko ramin tsotsewa ya kai mita 30, kuma filayen cikin gari ba safai suke ba da wannan tazara ba, balle a haɗa da masan maƙwabta. Mutanen arewacin Kamaru ba su manta da kwalarar 2010 ba. Idan tazarar ba ta kai ba, a bar ruwanta ga wanki da ban ruwan shuka, kada yara su sha.

Akwai abin da rani ke ɓoyewa, ba kuma bokitin da zai nuna shi. A unguwannin da ke gangaren Binuwai, waɗanda suka sha ambaliyar 2012, ruwan ƙasa yakan taso da damina har ramin tsotsewa ya daina karɓa, masai ya riƙa dawo da abin da aka kora. Ka dubi ko tsakar gidan ta fi titi ƙasa, sannan ka je ba tare da dillali ba ka gaida maƙwabta na dama da hagu, musamman matan gida, ka tambaye su yadda layin yake a Agusta da Satumba. Duk gyaran da ka gano, ka sa mai aikin famfo ya rubuta maka kuɗinsa, a cire daga farashin gidan kafin a sa hannu a takarda.