Rimot ɗin kayan sautin da Baba ya bari ya ƙi aiki, mai gyara ya ce sai an buɗe na'urar

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana kayan sauti na Bang & Olufsen, dogon nan mai ɗaukar faifan CD 6 a jere, wanda ya sayo a Turai. Ya daɗe a ajiye. Da na jona ya kawo wuta, amma rimot ba ya motsa shi. Na tambayi kuɗin wani, abin da aka faɗa mini ya fi kuɗin ƙaramar talabijin sabuwa. Na sayi rimot mai kama kowa har biyu a kasuwa, babu wanda ya yi. Yanzu wani mai gyara ya ce idon na'urar mai karɓar umarnin rimot ne ya mutu, in kawo ya buɗe ya sa mata na Sin tare da rimot ɗinsa. Hankalina bai kwanta ba. Me ya sa ɗan rimot zai yi wannan tsada, kuma in ba shi ya buɗe? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, don Allah kada ka ba shi. Ajiye na'urar inda take, ka gama karanta wannan tukuna.

Daga bayaninka, Beosound 9000 ce, wadda kamfanin nan na Denmak ya fitar a 1996, rimot ɗinta kuma Beo4 ne, mai ɗan gilashin rubutu a sama. Ka ɗauke shi a hannu ai ka ji nauyi, domin da ƙarfen tutiya aka zuba jikinsa. Tsadar ba ta da wani asiri. Rimot ɗin talabijin miliyoyi ake bugawa, sai kuɗin ƙira da na mazubi ya narke a cikin yawa. Irin wannan kuwa kaɗan ake yi, don kaɗan ne masu saye. Sannan kayan gwanjo sukan iso ba rimot, ya ɓace a hanya ko a gidan mai shi na farko, sai masu nema su fi abin nema yawa. Ka ɗora dala, da kuɗin jirgi, da kwastan. Akwai kuma cin kasuwa, ba zan ɓoye maka ba: kamfanin da ya san da wuya ka sami rimot ɗin da zai yi maka aiki in ba nasa ba, ba ya gaggawar sassauta farashi. Sabon rimot ɗinsu na alminiyam, BeoRemote One, ɗaruruwan daloli ake sayar da shi.

To, mu zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar nan ta "rimot ai duk ɗaya ne, idan mai kama kowa bai yi ba to idon ne ya mutu". Kusan kullum sai na ji ta, kuma ta hallaka kayan mutane ba iyaka. Yawancin rimot suna ƙyafta haskensu ne tsakanin kilohaz 36 zuwa 40, wato sau dubu 36 zuwa dubu 40 a daƙiƙa ɗaya. Tsarin RC-5 na Philips 36 ne, na NEC 38, na Sony 40. A wannan ɗan tsakanin ake ƙera rimot mai kama kowa. Shi kuwa Bang & Olufsen a kan kilohaz 455 yake, ya ninka na sauran fiye da sau goma. Ko ka kwashe duk rimot ɗin da ke teburin mai kaya ka gwada, na'urarka ba za ta ji kiransu ba, alhali lafiyarta ƙalau. Haka yawancin wayoyin nan masu ɗan ido a ka da ake kunna talabijin da su, ba su kai can ba. Kenan rimot biyun da ka saya ba su shaidi komai a kan idon ba. Shi mai gyaran da me ya auna? Bai auna ba, cinta ya yi.

Abin da zai yi idan ya buɗe na san shi, don na ga ƙarshensa. An taɓa kawo mini wata babbar amfilifaya da ta bi ta irin wannan hannu. An huda fuskarta da ƙusa mai zafi, an leƙo da ɗan baƙin ido, an dame shi da gam. A ciki an yanke layin fanel guda uku, an ɗiga dalma kamar kashin kaji, an ɗauko wuta daga inda bai kamata ba har ƙwaƙwalwar na'urar ta ƙone. Rimot ɗin asali kuwa, da na buɗe shi, batir ne kawai ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Minti ashirin ya tashi, amma babu sauran abin da zai kunna. Mai kayan ya zauna a kan benci ya yi tagumi, ni ma na rasa abin da zan ce masa.

Kuma ko idon ne ya mutu da gaske, na kasuwa mai kilohaz 38 ba zai maye gurbinsa ba, domin ƙwaƙwalwar tana jiran yarenta ne. Balle taka mai hannu da ke gudu a kan faifai cikin gilashi, wadda ɗan kuskure wajen kwancewa kan ɓata saitinta. Ina girmama masu gyaran bakin titi, da yawanmu can muka fara riƙe sukundireba. Wanda ba na raga wa shi ne wanda "ban sani ba" ta fi ƙarfin bakinsa, sai ya koyi aiki a kan gadon marayu.

Ga abin da za ka yi da hannunka. Buɗe gidan batir, Beo4 ƙanana uku yake ci. Idan ka ga farin gari ya daskare a kan ƙarafan, tsoma auduga a ruwan lemon tsami ka goge, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe sosai. Kada ka taɓa garin da hannu ka kai ido, yana ƙuna. Sa sababbin batura masu kyau, ka duba ko gilashin ya kawo rubutu. Sai ka auna kan rimot ɗin ga kyamarar waya ka danna. In ka ga haske yana ƙyaftawa, yana aikawa kenan. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba gwada ta gaba, wasu wayoyin suna tace hasken.

Idan rimot yana aikawa amma na'ura ta yi shiru, akwai wani abu da ba kowane mai gyara ya sani ba. Kayan wannan kamfani suna da saitin da ake kira Option. In an sa ta a 0, da gangan take toshe kunnenta ga rimot, domin an tsara ta karɓi umarni ta hanyar talabijin ɗin kamfanin da aka haɗa ta da ita. Mai yiwuwa haka Baba ya bar ta. Na'urar tana jone amma a kashe, ka riƙe maɓallin kashewa mai jan ɗigo na rimot, ka danna LIST, ka saki duka biyun, sai ka riƙa danna LIST har OPTION ya fito, ka danna GO, ka sake danna LIST har ka ga A.OPT, sannan ka danna 1.

In duk wannan bai yi ba, nemi tsohon Beo4 a hannun masu sayar da kayan hannu a Turai, ya fi sabo sauƙi nesa ba kusa ba. Ka sa mai sayarwa ya turo maka bidiyon gilashin yana rubutu ba layin da ya ɓace, da hoton gidan batir a buɗe. In kana da mai dawowa daga Ingila ko Jamus, ya saƙo maka a aljihun jaka. Kafin ya iso, na'urar tana da maɓallanta a jiki, ɗaga murfin ka ci gaba da sauraron faifan Baba.