Jonathan Jasper Wright: Daga Majalisar Jiha Zuwa Kotun Ƙoli

Tambaya: Na ji cewa tun ƙarni na 19 an taɓa yin baƙar fata ɗan majalisa da ya zama alƙalin kotun ƙolin jiha a Amurka. Wane ne shi, kuma ta yaya ɗan siyasa ya hau kujerar shari'a?

Amsa: Mutumin da kake nufi shi ne Jonathan Jasper Wright, wanda aka haifa a jihar Pensilbaniya a 1840. Da farko ka sani cewa kowace jiha a Amurka tana da kotun ƙolinta, saɓanin Najeriya mai guda ɗaya, kuma a Karolina ta Kudu 'yan majalisa ne ke zaɓen alƙalai har yau.

Wright ya isa garin Beaufort da ke Karolina ta Kudu a 1865 domin koyar da bayin da aka 'yanta, sannan ya zama lauya a 1866. A 1868 yana cikin wakilan da suka rubuta sabon kundin tsarin mulkin jihar, a shekarar kuma aka zaɓe shi sanata a majalisar jihar. A Fabrairun 1870 takwarorinsa na majalisa suka ɗora shi a kotun ƙoli yana ɗan shekara 30 ba kaɗan, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya sauka. Bayan zaɓen 1876, Wade Hampton da Daniel Chamberlain kowanne ya ce shi ne gwamna, sai rigimar ta iso kotu ta hanyar wata fursuna da Hampton ya yi wa afuwa: in an sake ta, an amince da gwamnatinsa ke nan. Wright ya sa hannu a takardar sakin, daga baya ya nemi janye hannunsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da jam'iyyar Hampton ta kama ragamar mulki, sai ta taso Wright gaba da zargin shaye-shaye, ta fara shirin tsige shi, har ya ajiye aiki a ƙarshen 1877. A ganina zaluntarsa aka yi, domin majalisar da ke naɗa alƙali ita ce ke riƙe da wuƙar yanka shi idan ta sauya hannu.

Ya rasu a Charleston a 1885, kuma sai a 1985 wani baƙar fata, Ernest Finney, wanda shi ma tsohon ɗan majalisa ne, ya sake zama a wannan kotu.