Miyar naman Italiya ba miyar tumatir ba ce

Ƙanwata, tun jiya da dare na ga tambayarki. Kin ce sau uku kina gwada miyar niƙaƙƙen naman nan ta Italiya da ake ci da taliya, kullum sai ta fito da tsami, ruwa gefe nama gefe, naman kuma da tauri kamar tsakuwa a baki. Kin kuma ce rabin awa kike ba ta a wuta, da markaɗen tumatir cike da kwano. To daga nan matsalar take, kuma ni ma haka nake yi kafin a gyara mini.

Shekara huɗu muka yi a wani ƙaramin gari kusa da Bolonya, a arewacin Italiya, lokacin da maigidan yake aiki can. Miyar nan ta mutanen Bolonya ce, suna kiranta ragù. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Allah ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ni a kicin ɗinta na ga yadda ake yi tun daga yankan albasa har saukewa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne launin miyar: ba ja ba ce irin tamu, ƙasa-ƙasa ce mai ɗan ja, ga kauri har cokali yana iya tsayawa a ciki. Nama ne miyar, tumatir ɗan rakiya ne kawai.

Mutanen Bolonya ba sa wasa da ita. A 1982 wata ƙungiyar masana girkin Italiya ta kai rubutaccen tsarin miyar cibiyar kasuwanci ta birnin aka ajiye, sannan suka sabunta shi a 2023. A sabon tsarin, naman sa giram 400 ne, da wani nama mai kitse giram 150, albasa da karas da seleri kowanne giram 60, amma niƙaƙƙen tumatir giram 200 kacal da cokali ɗaya na tumatirin gwangwani. Ki duba ki gani, nama ya ninka tumatir fiye da sau biyu. Babu tafarnuwa, babu kori, balle tattasai da attaruhu.

Abu biyu a tsarinsu ba namu ba ne: naman mai kitsen na alade ne, kuma suna zuba giya. Kada wani ya ce miki giyar tana gushewa duka da dahuwa, ba ta gushewa duka, don haka ni ban taɓa sa ta ba. Amfanin aladen kitse ne, sai na maye shi da kitsen sa ko na rago da ɗan bota. Amfanin giyar ɗan tsami da wanko gindin tukunya, romon ƙashi da rabin cokalin khal ko matsin lemun tsami suna yi mini wannan aikin.

Yanzu nama, don nan ne aka fi yin kuskure. Kada ki ce wa mahauci ya ba ki zallar tsoka. Tsoka ba kitse ba jijiya ita ce take komawa tsakuwar da kika faɗa. Ki nemi naman wuya, ko na ƙirji, ko na ƙwauri, mai jijiya da kitse a jikinsa. Jijiyar nan idan ta daɗe a kan wuta kaɗan sai ta narke ta zama kamar romon ƙafar saniya, ita ke ba miyar danƙo da kauri. A niƙa shi da ɗan girma-girma, kar a mai da shi kamar ƙullu. Idan babu injin, ki saka shi a firiza ya ɗan daskare, ki daddatsa da wuƙa mai kaifi. Na fi son wannan ma.

Ki samu tukunya mai kaurin gindi. Ki narkar da kitsen da ɗan man zaitun, ki zuba albasa da karas da seleri da kika yanka ƙanana sosai, kamar ƙwayar shinkafa. Wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa, har su yi laushi su fara ƙamshi mai zaƙi, kusan minti goma sha biyar. Kar su yi baƙi. Zaƙin karas da albasar nan shi ke kashe tsamin tumatir, ba sai kin sa sukari ba. Seleri kuwa sandar ake so, ba ganyen ba, ana samu wurin masu kayan lambun Jos.

Sai ki ƙara wuta ki zuba naman. Zai fara fitar da ruwa, ya yi fari-fari. A nan yawancinmu muke gaggawar juye tumatir. Ki dakata. Dattijuwar nan riƙe mini hannu ta yi, ta nuna kunnenta, wai in saurara. Muddin tukunya tana tafasa, ruwa ne. Idan ƙarar ta koma ta suya, tana ƙyas-ƙyas, kika ga ɗan ƙanzo ja yana kama gindin tukunya, to naman ya soyu. Wannan ƙanzon shi ne rabin daɗin miyar. Ki zuba ludayin romo da khal ɗin, ki kankare shi da cokalin katako ya koma cikin nama.

Daga nan tumatir, gishiri kaɗan, masoro, da wani ludayin romo mai zafi. Ki rage wuta iyakar ragewa, ki rufe amma ki bar ɗan kafa. Awa biyu shi ne mafi ƙanƙanta, ni uku nake ba ta. Ba ɓararraka ake so ba, ƙwal ɗaya nan, ƙwal ɗaya can. Idan gas ɗinki ba ya raguwa sosai, kurfoti da gawayin da ya ci ya yi toka a sama ya fi komai, da shi nake yi tun da muka dawo gida. Duk bayan minti ashirin ki leƙa ki juya, in ta fara bushewa ki ƙara romo kaɗan. Na taɓa barinta na fita rakiyar baƙi, na dawo ta kama, ƙauri ya shiga ko'ina, naman kilo guda ya tafi a banza. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, tun ranar ba na nisa da ita.

Idan ta yi rabin dahuwa ki zuba madara kofi ɗaya, kaɗan-kaɗan. Na san za ki ji abin banbaraƙwai, madara a miya, amma tana tausasa naman tana kuma kwantar da tsami. Maggi ba dole ba ne in romonki mai kyau ne. Alamar ta yi: mai ya taso sama ja-ja, ruwa ya tsotse, nama yana narkewa a harshe.

Taliyar kuma, a Bolonya ba da siririya suke ci ba, don naman zamewa yake ya taru a ƙasan faranti. Da mai faɗi suke ci, ta fulawa da ƙwai. Idan kina da injin taliya 'yar murji, ai kin gama: ƙwai ɗaya a kowane giram 100 na fulawa, ki yanka da haƙorin nan mai faɗi. In babu, makaroni mai rami ma yana riƙe miyar. Ki tsame taliyar da ɗan saura, ki juye ta cikin miyar da rabin ludayin ruwan dahuwarta, ki juya minti ɗaya ko biyu a wuta har ta kama jikinta. In kin samu cuku mai tauri ki goga a kai. Masu son yaji a ajiye musu a gefe.

Tunda awa ukun nan ɗaya ce ko miyar kaɗan ce ko da yawa, ki ninka ma'aunin, ki raba a robobi ki sa a firiza. Ta kwana ma ta fi ta ranar daɗi. Ki gwada ranar Asabar da kike gida, in kin ga wani abu bai yi daidai ba ki turo hoton tukunyar in duba miki.