Shin Dutsen Kilimanjaro Zai Sake Aman Wuta?

Tambaya: Malam, ɗalibaina sun ga hoton Kilimanjaro da ƙanƙara a kansa, suka ce yaya dutse mai aman wuta zai ɗauki ƙanƙara, kuma shin ya mutu ne? Daga wata malamar firamare, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Dutsen yana ƙasar Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895, kuma wannan tsayin ne ya sa sanyin samansa ya wuce duk wani hunturu da muka sani a Kaduna, har ruwa ke daskarewa. Kawuna uku gare shi: Shira da Mawenzi sun mutu, amma Kibo barci yake yi, domin har yau tururi mai warin farar wuta na fita daga ramin bakinsa, shi ya sa masana ba su cire ran zai iya farkawa ba.

An kafa gandun dajin ƙasa da ya kewaye shi a 1973, UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙarar, wadda take raguwa shekara bayan shekara, alhali a ƙasan dutsen 'yan ƙabilar Chagga na noman ayaba da kofi.