Tambaya da Amsa: Shin Hoto Yana Iya Tura Mutum Fagen Daga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Katsina. Ɗalibaina sun dage cewa zane ko hoto ba ya sauya ra'ayin jama'a a lokacin yaƙi, wai bindiga ce kaɗai take magana. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaye su yadda aka yi aka shawo kan mai riƙe da bindigar har ya bar gidansu. A shekarar 1914 Alfred Leete ya zana ministan yaƙin Ingila, Kitchener, ya zuro ido yana nuna mai kallo da yatsa, don kiran samari su shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 Amurka ta kwaikwayi wannan salo, ta buga fiye da kwafi miliyan 4. Zanen bai kawo wata hujja ba, kunya kawai yake ɗora wa saurayi, domin duk inda ya tsaya sai ya ga shi ake nunawa.

A ƙasar Hausa, inda masu karatun boko ba su da yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa sun dogara ƙwarai da majigi. Mota ce take zuwa da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, mai bayani kuma ya riƙa faɗa wa jama'a ta lasifika abin da ake so su fahimta daga hoton, a daidai lokacin da ake ɗibar samari zuwa yaƙi a ƙasar Bama (Burma). Ita ma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939 kuma Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya zama editanta, daga cikin dalilan kafa ta akwai kashe jita-jitar cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus.

Misalin da ya fi nauyi a ganina shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress da ke Janeba, wanda ya riƙa watsa labaranta, kuma a 1968 hotunan yaran da yunwa ta kumbura wa ciki suka cika jaridun Turai. Yunwar gaskiya ce, ba a ƙirƙira ta ba, kuma nan ne ƙarfin farfagandar yake, domin zaɓen abin da za a nuna ya wadatar ba sai an yi ƙarya ba. Tausayin da hotunan suka haifar ya sa jiragen agaji suka riƙa sauka a filin jirgin Uli da ke yankin Biyafara cikin dare, har yau kuma masana tarihi suna muhawara kan ko wannan agaji ya tsawaita yaƙin.