Tambayi Likita: Ya kusa shekara uku bai ce "Inna" ba, wanzami ya ce a yanka ƙasan harshensa

Tambayoyin wannan makon duk kan kunne suka taru. Na ɗauki guda shida.

Tambaya: Likita, da me ya kamata in riƙa sakace kunnena? Gashin kaza nake sawa. Daga wani matashi, Ringim.

Amsa: Da babu. Kunne yana fitar da dauɗarsa da kansa. Gashin kaza da tsinken ashana da auduga mai tsinke tura ta ciki suke yi, wani lokaci su huda dodon kunne. Goge waje da tsumma mai tsabta ya wadatar.

Tambaya: Ɗana ya kusa shekara uku bai taɓa cewa ko "Inna" ba, sai nuni da hannu. Surukata ta ce nauyin baki ne, haka ubansa ya yi. Wanzami kuma ya ce harshensa ne a ɗaure, a kawo shi ya yanka. Ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya yana wata goma. Daga wata uwa, ƙauyen Ɓaɓura.

Amsa: Baiwar Allah, kada ki bari aska ta taɓa bakin yaron nan. Ki ba surukarki haƙuri cikin ladabi, ki samu maigidan ku zauna, domin abin da nake zargi a kunne yake. Yaro da ji yake koyon magana. Abin da bai shiga kunnensa ba, bakinsa ba zai fitar da shi ba, ko da harshensa lafiya lau yake. Yawancin waɗanda muke kira bebaye babu abin da ya sami harshensu ko maƙogwaronsu. Yankan wanzami jini zai jawo, da ciwo, da haɗarin kamuwa da cuta ta aska, sannan a dawo gida yaro bai ce uffan ba.

Zazzaɓin nan da sanƙarewar wuya shi ya fi tsaya mini a rai. Alamar sanƙarau ce, cutar da mutanen Kano ba su manta ɓarnar da ta yi a 1996 ba, kuma har yanzu tana leƙo mu da zafin bazara. Tana daga cikin manyan abubuwan da ke kurmantar da yara a yankinmu, tare da ƙyanda, da hangum, da shawarar jarirai mai tsanani, da doguwar naƙuda. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ba da jimawa ba. Ba a cika yi ba.

Ki tuna baya. Jariri mai ji yana zabura idan kwano ya faɗi. A wata shida yana waiwayar murya. Kafin wata tara yana gwaranci, "ba-ba-ba", "da-da-da". A shekara ɗaya yana da kalma ɗaya ko biyu, a shekara biyu yana haɗa biyu, kamar "ba ni". Idan naki ya fara gwaranci sannan ya yi tsit bayan ciwon, kin ga inda matsalar ta samo asali.

Yau da yamma, idan ya duƙufa da wasa, ki zagaya bayansa inda ba zai ga ko inuwarki ba, ki kira sunansa. Sannan ki buga murfin tukunya da ludayi. Kada ki doka ƙafa a ƙasa, kada a buga ƙofa, domin yana jin girgiza a jikinsa sai ya waiwaya, ku ce ai yana ji. Yaran nan akwai kaifin ido, su ne ke ruɗar iyaye shekara da shekaru. Ko ya waiwaya ko bai waiwaya ba, asibiti za ku. Ku fara da babban asibitin da ke kusa, ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Malam Aminu Kano. Akwai na'urar da ke gwada jin yaro ko yana barci, ba zafi, ba allura. Idan da sauran ji, na'urar ƙara ji za ta taimaka masa. Na san kuɗin mota ma aiki ne, balle ana tsakiyar aikin gona, amma kada a ce sai kaka. Shekarun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, kuma nasa suna tafiya.

Nunin da yake miki kuwa, ki riƙe shi da kyau. Ina jin ana cewa a daina yi wa yaro maganar hannu don kada ta hana shi buɗe baki, har wasu kan doke hannun. Wannan kuskure ne babba. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma ƙasar Hausa ta daɗe da tata, har sarautar Sarkin Bebaye akwai a Kano. Yaron da ya girma ba maganar baki ba ta hannu shi ne ake gani yana yawan fushi da jifa, a ce taɓin hankali ne ko iska, alhali ba shi da hanyar faɗin yunwa ko ciwo ne kawai. Ki durƙusa daidai fuskarsa, a wuri mai haske, ki nuna ruwa, ki yi alamarsa, ki faɗi sunan. Yayyensa su koya, babansa ma. Idan akwai babban kurma a garinku, ku jawo shi jiki. In ya isa makaranta, akwai ta Tudun Maliki a Kano da ta kurame a Haɗeja. Kurma yana karatu, yana sana'a, yana riƙe gida.

Sai ki kula da titi da bakin rijiya, ba ya jin babur, ba ya jin kiranki. Kuma ƙannensa su sami rigakafi cikakke, har da ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata.

Tambaya: Kunnen 'yata yana zubar da mugunya tun bara. Mun ɗiga ruwan albasa da manja, wani ya ce a gwada kalanzir. Daga wani magidanci, Ɗambatta.

Amsa: Kalanzir, Malam? A kunnen yarinya? Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya galibi dodonsa a huje yake, duk abin da ka ɗiga ciki zai wuce. Na rasa yadda mutum zai ji tsoron asibiti amma bai ji tsoron wannan ba. A daina ɗiga komai. A murza tsumma mai laushi mai tsabta, a tsane mugunyar sau uku a rana, a hana ruwa shiga wajen wanka, a hana ta iyo a kududdufi. A kai ta asibiti cikin makon nan a rubuta maganin ɗigawa da ya dace. Idan bayan kunnen ya kumbura, ko ga zazzaɓi da ciwon kai da amai, ko wuya ya sanƙare, ko da tsakar dare ne ku tafi, ciwon kan iya haurawa ƙwaƙwalwa. Kuma kada mai kemis ya dinga zuba mata allurar jentamaisin ba umarnin likita, ita kanta tana kashe ji, kuma ba ya dawowa.

Tambaya: Ina aikin injin niƙa, da dare kunnena yana ta "shuu". Daga Gumel.

Amsa: Gargaɗi ne kunnen yake maka. Sayi abin toshe kunne na roba, auduga ba ta tare ƙara sosai, ka riƙa fita kana hutawa. Yaran da ke zaman jiran niƙa su tsaya waje. Ka je a gwada jinka.

Tambaya: Wani kurma yana neman ƙanwata. 'Ya'yansu za su zama kurame? Daga Wudil.

Amsa: Idan ciwo ne ya kurmantar da shi, ba a gadonsa. Sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame ma masu ji ne suka haife su. Inda ake lura shi ne auren zumunci a dangin da aka haifi kurame fiye da ɗaya. In haka ne, su ga likita kafin a sa rana.

Tambaya: Ƙwayar wake ta shige kunnen jikana. In zuba ruwa ta fito? Daga wata kaka, Kazaure.

Amsa: A'a, Hajiya, kumbura za ta yi ta toshe. Kada a sa tsinke. A kai shi asibiti yau.