Birki ya saki a gangaren Shafa: keken ne da laifi ko mai tuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, kuma na saba tuƙa keken dutse a bakin teku da yamma. Kwanan baya muka hau Shafa ta Ɗa'ifa da abokai, muka biyo wata siririyar hanya mai duwatsu muna gangarowa. Kafin rabin hanya birkin baya ya soma ƙara da ƙauri, ina matse shi har hannunsa ya taɓa kan keke amma bai kama ba. Tayar baya kuma ta sace, na tarar da huji biyu gefe da gefe. Keken ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da wuya a ce keken ne. Zafi ne ya kashe maka birki, kuma daga yadda ka riƙe shi zafin ya fito.

Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Jidda, idan ya ga gangara sai tsoro ya sa ya danne birkin baya ya ƙi saki. Shafa ta haura mita 2,000 daga saman teku, gangarenta doguwa ce, don haka faifan birki da takalman da ke matse shi ba sa samun sararin hucewa. Abu biyu ke biyo baya, kuma ya kamata ka iya bambance su. In hannun birki yana da tauri amma keke bai tsaya ba, fuskar takalman ce ta ƙone ta yi sulɓi. In kuwa hannun ya yi laushi ya tafi har ƙarshe, kamar yadda naka ya yi, man birkin ne ya tafasa, ko dama akwai iska a cikin bututun sai zafi ya kumbura ta. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin yatsanka bai isa ga faifai ba.

A kan hanya maganinsa tsayawa ne na minti goma, ba tare da ka taɓa faifan ba, domin yana ƙona fata. A gida kuma sai a cire iskar a zuba sabon mai. Ka kula a nan: birkin kamfanin Shimano man minaral yake sha, da yawa daga na kamfanin SRAM kuwa wani nau'in man birki mai suna DOT 5.1 suke sha, kuma a rubuce yake a jikin murfin. In aka haɗa su robobin ciki sun lalace ke nan. Kada ka bar mai facin tayar mota ya zuba maka abin da ke hannunsa.

Ka ciro takalman ka duba. In naman da ya rage bai kai milimita 1 ba, ka sauya. In fuskarsu tana ƙyalli, ka goge da takardar yashi. Masu ƙarfe sun fi na roba jure zafi, ko da yake sun fi surutu, sai dai ka tabbata faifanka ya yarda da su, don wasu faifai masu araha na roba kaɗai suke ɗauka. Faifai mai milimita 160 ya yi ƙanƙanta ga wannan gangare. Ka sa 180 gaba da baya, ko 203 a gaba in kana da jiki kuma ƙafar gaban keken tana ɗauka. Sababbin takalma sai an zaunar da su: ka yi gudu a fili, ka taka birki da ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka saki, kamar sau ashirin.

Sai dai duk kayan nan ba za su cece ka ba in hannu bai sauya ba. Birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan tsayarwa, kuma shi mutane ke gudu don tsoron tuntsurawa. Ba birkin ke tuntsurar da mutum ba, zama a kan sirdi mai tsawo ne da fizgar birki farat ɗaya. Ka sauke sirdi ƙasa, ka miƙe a kan feda biyu suna daidai da juna, diddige a ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, yatsa ɗaya a kowane birki. Ka matse biyun tare da ƙarfi inda ƙasa ta yi tauri kuma hanya ta miƙe, ka saki gaba ɗaya, sannan ka sake. Gudu ana rage shi kafin kwana; a cikin kwana mai tsakuwa birkin gaba yana kwashe taya. Inda ka ga tsauni ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, gwanaye ma suna yi.

Hujin nan biyu ba ƙaya ba ce. Taya ta daki bakin dutse, ƙarfen wili ya cije tiyub ta gefe biyu, alamar iska ta yi kaɗan ko ka saki nauyinka duka a baya. Da tiyub, mai nauyin kilo 70 zuwa 80 ya fara daga psi 28 zuwa 32 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Abin da ya fi shi ne ka koma taya marar tiyub, a zuba mata ruwan liƙi mililita 90 zuwa 120, ka sauko wajen 23 a gaba, 26 a baya. Ruwan yana toshe hujin ƙayar bishiyoyin talhu da kansa, amma zafin Jidda yana busar da shi cikin wata biyu zuwa uku, sai an riƙa ƙari. Kuma ka auna iska da geji a can saman dutse, saboda tayar da aka yi wa famfo a bakin teku tana ƙara wajen psi 3 a tsayin Shafa.

Ku fita bayan Asuba, kowa da hular kwano, safar hannu, da ruwa aƙalla rabin lita na kowace awa. In hadari ya haɗu a kan duwatsu ku fice daga cikin kwarin da ruwa ke bi, ambaliya tana isowa ko ba a yi ruwa inda kuke ba. Kada ku buɗe abinci kusa da gwaggon birin wajen. Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, 911 ma tana aiki a yankin Makka, amma sabis yana ɗaukewa a cikin kwari, don haka ku gaya wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da za ku sauko.